Hanya da Yawan Jama'a a Ƙasar Fune: Tarihin Damagum da Ƙauyukanta da Abin da Yake Nufi ga Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka zauna tsara manhaja, alƙaluma biyu ake fara dubawa, wato yawan jama'ar wuri da yawan makarantun da ke cikinsa. Daga nan sai a ƙiyasta malaman da ake bukata da littattafan da za a aika. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda jama'ar suke zaune a cikin ƙasar, da irin hanyar da ake bi kafin a isa gare su. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin sufuri a yankin Damagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, domin mu nuna cewa a wannan yanki hanya ce ta daɗe tana yanke hukuncin inda mutane ke taruwa, kuma ita ce ke ƙayyade yawan Hausar da yaro yake zuwa da ita aji ɗaya na firamare. Manhajar da ta dogara da jimillar ƙidaya kawai za ta ɗauki ɗan bakin titi da ɗan rugar da ke nesa da kwalta a matsayin ɗalibi iri ɗaya, alhali kuwa ba haka abin yake ba.

2.0 Damagum da Ƙasar Fune

Damagum tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu ta dire Maiduguri. Tana gabas da Potiskum da kimanin kilomita 30, kuma wanda ya wuce ta ya nufi Damaturu zai ratsa Ngelzarma, wadda ita ma a cikin Fune take. Sauran garuruwan ƙaramar hukumar sun haɗa da Jajere da Mashio da Kayeri da Dogon Kuka da kuma Daura, wadda bai kamata a rikita ta da Daura ta Jihar Katsina ba. Mazauna ƙasar manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma akwai Barebari da Fulani da Karekare da Ngizim da Hausawa a cikinsu.

A zamanin Turawa Fune gunduma ce a ƙarƙashin Shehun Borno. Ta shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sannan Jihar Borno a 1976, kana Jihar Yobe da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991 da babban birni a Damaturu. A shekarar 2000 gwamnatin Bukar Abba Ibrahim ta tabbatar da sababbin masarautu a jihar, cikinsu har da ta Fune da ta Jajere. Ashe ke nan Damagum ta haɗa sakatariyar ƙaramar hukuma da fadar sarki da kasuwa da tasha, duk a bakin titi guda.

3.0 Kafin Zuwan Mota

Mafi daɗewar shaidar sufuri a wannan ƙasa ta ruwa ce. A 1987 wani Bafillatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a cikin Fune, daura da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani katako a zurfin kimanin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Farankfut ta Jamus, waɗanda suka haɗa da Abubakar Garba da Peter Breunig, suka kammala tono shi a 1994. Sai ga kwalekwale da aka sassaƙa daga gungumen maɗaci, tsawonsa ya haura mita 8. Gwajin kimiyya ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wato shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Daga baya aka kai shi Damaturu aka adana. Wannan ya nuna cewa a lokacin da Tafkin Cadi ya fi yadda yake yanzu girma nesa ba kusa ba, mutanen yankin a bakin ruwa suka zauna, kuma ta ruwa suke zirga-zirga. Ƙauyen da a yau yake nesa da babban titi yana kan hanyar zamaninsa ne a wancan lokaci.

Bayan dubban shekaru, a zamanin daular Borno, manyan hanyoyin fatake tsakanin Kano da fadar Borno sun fi karkata ta arewa, saboda can fadar take. Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa wajen 1470, yana kusa da kogin Yobe, kuma bayan faɗuwarsa a 1808 Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya gina Kukawa a 1814 kusa da tafki. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Kano daga Kukawa a 1824 ta hanyar Katagum. Shi kuwa Bajamushe Heinrich Barth, da ya tashi daga Kano zuwa Kukawa a 1851, ta Gumel da Machina ya bi. Ayarin jakuna da takarkarai da raƙuma yana bin inda akwai rijiya da zango da kariyar sarki, don haka garuruwan da ke kan waɗannan layuka su suka cika da baƙi.

4.0 Yadda Hanya ta Sauko Kudu

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Na farko shi ne ƙaurar fadar Borno. Rabe ya rushe Kukawa a 1893 ya zauna a Dikwa, aka kashe shi a 1900, sannan a 1907 Turawan Ingila suka zaunar da Shehu a Yerwa, wato Maiduguri ta yau. Na biyu shi ne isowar layin dogo Kano a 1911, wanda ya mai da Kano mashigar gyaɗa da fatu da auduga zuwa bakin teku. Da zarar an sami Kano a yamma da Maiduguri a gabas, sai hanyar motar da za ta haɗa su ta bi ta kudu da tsohon layin fatake.

Ƙarfin wannan sabuwar hanya ya kai har ta ɗaga fadojin sarakuna. A 1916 aka mayar da hedikwatar masarautar Katagum zuwa Azare. A 1924 kuma Sarkin Fika ya bar garin Fika ya koma Potiskum, wadda asalinta ƙasar Ngizim da Karekare ce, domin Turawa suna son mazaunin mulki ya kasance inda mota ke kaiwa. Idan har sarki da fadawansa sun bi hanya, to ba abin mamaki ba ne talaka mai neman kasuwa ya bi ta.

Shi kuwa jirgin ƙasa sai ya kewaye ƙasar Fune ta gefe biyu. Layin da ya tashi daga Kano ya tsaya a Nguru a 1930, can arewa maso yamma. Layin Borno kuma, wanda ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, ta Buni ya ratsa, wato kudu maso gabas. Saboda haka tsakanin Potiskum da Damaturu babu wani abin dogaro sai mota. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Potiskum ta shahara da manyan motocin ɗaukar kaya da kuma kasuwar shanu wadda ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Garuruwa irin su Damagum da Ngelzarma sun ci moriyar wannan zirga-zirga: direba zai tsaya cin abinci da salla, dillali zai jira kaya, bakanike da mai faci da mahauci da mai shayi za su kafa rumfa. Haka nan maniyyata aikin Hajji da ke bin ƙasa ta Cadi da Sudan, kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, da yawansu ta wannan titi suka wuce.

Mayar da Damaturu babban birnin jiha a 1991 ya ƙara wa titin nauyi, domin ma'aikata da 'yan kwangila da ɗalibai sun riƙa kai da kawowa tsakaninta da Potiskum. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, aikin da ya ɗauki fiye da shekara goma ana yi kashi-kashi.

Hanyoyin da ke shiga ƙauyuka ba su sami irin wannan kulawa ba. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI a 1986 don buɗe hanyoyin karkara a faɗin ƙasa, amma hanyar burji tana bukatar gyara bayan kowace damina, kuma idan aka bar ta shekara biyu ko uku sai ta koma turba. Da rani yashi ke riƙe taya, da damina kuma laka da kwazazzabai ke datse hanya. Abin hawan ƙauye shi ne babur da amalanke da jaki, sai kuma a-kori-kura ranar kasuwa.

5.0 Abin da Ƙidaya ta Nuna da Abin da ta Rufe

Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Yobe mutum kimanin miliyan 1.4, ta 2006 kuma ta ba ta kimanin miliyan 2.3. A ƙidayar 2006 Fune tana da mutum kimanin 300,000, wato ta fi Potiskum mai kimanin 205,000. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka Fune ta fi cunkoso. Amma faɗin Fune ya kusa kilomita murabba'i 5,000, ita kuwa Potiskum ba ta kai 600 ba. Idan aka raba, za a sami kusan mutum 60 a kowace kilomita murabba'i a Fune, a Potiskum kuwa fiye da 350.

Bari mu mai da wannan zuwa lissafin makaranta. Mu ɗauka yaro ɗan shekara shida zai iya takawa kilomita 2 zuwa makaranta kullum. Da'irar da ke da wannan nisa daga tsakiyarta faɗinta kusan kilomita murabba'i 12 da rabi ne. Bisa alƙaluman 2006, irin wannan da'ira za ta ƙunshi mutum wajen 750 a Fune, da kuma wajen 4,500 a Potiskum. Idan muka ƙaddara ɗaya cikin biyar na jama'a yaran firamare ne, makarantar Fune za ta sami yara 150, ta Potiskum kuma 900. Daɗin daɗawa, adadin 60 ɗin nan matsakaici ne da ya haɗa da Damagum da Ngelzarma da sauran garuruwan bakin titi. In aka cire su, rabon ƙauyukan ciki zai yi ƙasa da haka sosai. Makarantar da ke da yara ƙalilan a kowane aji ba kasafai ake tura mata malami na musamman don Hausa ba, sai dai malami ɗaya ko biyu su riƙe dukkan darussa.

Wata matsalar kuma ita ce tsufan alƙaluman. Tun 2006 ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk adadin da ake amfani da shi a yau hasashe ne da aka gina a kan na 2006, kuma hasashe yana ɗauka cewa kowane gari yana ƙaruwa daidai da ɗan'uwansa. Tarihi ya nuna saɓanin haka. Farin 1972 zuwa 1974, da na tsakiyar shekarun 1980, da annobar shanu ta 1983, duk sun tura makiyaya da manoma zuwa garuruwan da ake iya kai musu agaji ko su sami aikin ƙarfi, wato garuruwan bakin titi.

Rikicin Boko Haram ya maimaita wannan da tsanani. A watan Mayu 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Ranar 6 ga Yuli 2013 aka kai hari makarantar sakandare ta Mamudo, a kan wannan titi tsakanin Potiskum da Damagum, aka kashe mutum fiye da 40, galibinsu ɗalibai, har gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare na wani lokaci. Jama'a da dama daga kudancin jihar da kuma Borno suka yi hijira zuwa Damaturu da Potiskum da garuruwan da ke tsakaninsu. An kuma hana hawan babur a sassan jihar na kusan shekara goma, sai a zamanin Gwamna Mai Mala Buni aka ɗage dokar. A birni wannan hani ya sa an koma Keke Napep. A ƙauye kuwa, inda babur kaɗai ke ratsa yashi, ya yanke malami da mai duba makarantu daga wuraren aikinsu. Cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 ya zo ya ninka kuɗin mota, ta yadda malamin da ke kwana a gari yana koyarwa a ƙauye dole ya auna kuɗin hanya da albashinsa.

6.0 Hanya da Harshe

Ƙasar da ke kewaye da Potiskum tana cikin wuraren da suka fi yawan harsuna a Arewa. Akwai Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim, waɗanda dangin Hausa ne a rukunin harsunan Cadi, sannan ga Barbarci da Fillanci waɗanda ba danginta ba ne. A da Barbarci ne harshen mulki da malanta a yankin, kuma har yau ana ganin kalmominsa na aro a cikin waɗannan harsuna. Amma tun da hanyar Kano ta buɗe, Hausa ce ta zama harshen tasha da kasuwa da wurin wa'azi da rediyo. Wata shaida a kan haka ita ce aikin binciken harsunan Yobe da Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranta. Ƙamusun da suka fitar a 2004 na Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim da Bade sun zo da fassarar Hausa tare da ta Ingilishi, saboda ta Hausa ce masu harsunan da kansu za su fi saurin karantawa.

Sai dai Hausar ba ta bazu daidai wa daida ba. Ta bi titi ne, ta yi ƙarfi a inda mota ke tsayawa, tana raguwa gwargwadon nisan da aka yi daga kwalta. A taƙaice za mu iya kasa yaran da ke shiga aji ɗaya a ƙasar Fune gida uku. Akwai ɗan cikin Damagum ko Ngelzarma, wanda ko da iyayensa ba Hausawa ba ne da Hausa yake wasa a unguwa, har ma takan fi harshen gidansu zama a bakinsa. Akwai ɗan ƙauyen da mota ke shiga ranar kasuwa, wanda yake jin Hausar gaisuwa da ciniki da ƙirga, amma bai saba da dogon bayani a cikinta ba. Akwai kuma ɗan ruga ko ƙaramin ƙauye mai nisa, musamman yarinya, wadda mai yiwuwa a makaranta za ta fara zama a gaban mai magana da Hausa na tsawon sa'o'i.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga ta 1977 har bitocinta na 1981 da 1998 da 2004, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen muhallinsa. A irin wannan yanki an saba fassara harshen muhalli da Hausa ba tare da an tambayi muhallin wane yaro ake nufi ba. A Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, sannan a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke wannan a koma Ingilishi. Ko ma wace manufa ke aiki, Hausa tana nan a matsayin darasi, kuma ita ce malami ke komawa gare ta idan ya ga yara ba su fahimta ba. Don haka bambancin da ke tsakanin rukunan nan uku yana shafar lissafi da kimiyya kamar yadda yake shafar darasin Hausa.

Haka kuma harshen uwa yana shigowa cikin furuci da rubutu. Barbarci ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, kuma ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, haka shi ma Fillanci ba ya yin wannan bambanci na jinsi. Yaron da ya rubuta "mace ya zo" ko ya kasa raba "ƙasa" da "kasa" yana bukatar atisaye ne na musamman, wanda littafin da aka rubuta don ɗan Kano ko Katsina bai tanada ba.

7.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari ga masu tsara manhaja da hukumomin ilimi na jiha da na ƙananan hukumomi.

(i) A kasa makarantu bisa nisansu daga kwalta da kuma ko ana iya kai musu da damina, a riƙa sanya wannan bayani kusa da adadin ɗalibai a duk rahoton da ake aikawa sama.

(ii) A makon farko na aji ɗaya malami ya yi wa kowane yaro gajeriyar hira ta baka don gane matsayin Hausarsa da harshen da ake yi a gidansu, a rubuta a rajista.

(iii) Tunda Hukumar NERDC ta bambanta koyar da Hausa a matsayin harshen farko da kuma harshe na biyu, a daina ɗaukar dukkan ƙaramar hukuma a kan mataki ɗaya. Makarantun ciki su fara da zangon sauraro da magana kafin a shiga karatu da rubutu.

(iv) A ɗauki malaman ƙauye daga cikin 'yan ƙauyen da suke jin harshen wurin tare da Hausa, a kuma horar da su kan riƙe azuzuwa biyu ko uku a ɗaki ɗaya. A haɗa kai da Hukumar Ilimin Makiyaya, wadda aka kafa a 1989, game da 'ya'yan rugage.

(v) A kai littattafai da kayan aiki makarantun ciki tun da rani, kafin ruwa ya datse hanya.

(vi) A sanya tarihin yankin a cikin darussan karatu. Labarin kwalekwalen Dufuna da na ƙaurar Sarkin Fika zuwa Potiskum da na kasuwar shanu sun isa su zama nassoshin fahimta da insha'i, kuma yaro zai ga sunan ƙasarsu a cikin littafi.

8.0 Kammalawa

Mun bi sawun hanya a ƙasar Fune tun daga kogin da aka tuƙa kwalekwalen Dufuna, zuwa layukan fatake na arewa, zuwa titin Kano da Maiduguri wanda Damagum ke zaune a kansa. A kowane zamani jama'a sun karkata zuwa inda hanya ta bi, kuma a ƙarni na ashirin Hausa ta biyo mota ta shigo tare da su. Mun kuma ga cewa mutum 300,000 da ƙidayar 2006 ta ba Fune suna warwatse ne a ƙasa mai faɗin kusan kilomita murabba'i 5,000, wasu a bakin kwalta, wasu a inda sai babur ko amalanke. Aikin da ke gabanmu shi ne mu ajiye taswirar hanyoyi kusa da jadawalin ƙidaya a duk lokacin da za mu yanke shawarar littafin da za a aika wata makaranta da malamin da za a tura mata, mu kuma fara da makarantun da suka fi nisa daga titi.